Babi na Shida: Inda Sankarar Gidan Ƙwai Take Farawa

Sankarar bakin mahaifa cuta ce da ake iya tarewa tun daga nesa. Tana da allurar rigakafi, tana kuma da gwajin da ke nuna ta shekaru kafin ta yi ƙarfi. Sankarar gidan ƙwai ba ta da ko ɗaya cikin biyun, kuma gwajin bakin mahaifa da aka yi wa mace aka ce lafiya lau bai ce komai game da gidan ƙwanta ba. Ƙididdigar hukumar binciken sankara ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta nuna cewa a shekarar 2022 an samu mata kimanin 324,000 da cutar a faɗin duniya, kimanin 207,000 kuma suka rasu sanadinta. Ba ita ce ta fi yawa ba cikin sankarar da ke kama gaɓoɓin haihuwa, amma ita ce ta fi kashe waɗanda ta kama.

Gidan ƙwai biyu ne, ɗaya a dama ɗaya a hagun mahaifa, kowanne bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba. Kusa da kowanne akwai siririn bututu mai geza a bakinsa, shi ke karɓar ƙwai ya kai shi mahaifa. Duk wannan yana can cikin mara, inda ƙari ke da filin girma bai takura wa komai ba. A Amurka, inda ake ajiye lissafin nan da kyau, matan da aka gano cutar tun ba ta fita daga gidan ƙwai ba, fiye da kashi 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. Idan ta riga ta yi nisa, wajen kashi 30 ne. Mafi yawan mata kuwa sai ta yi nisan suke isa hannun likita.

An daɗe ana koya wa ɗaliban likitanci cewa cuta ce marar alama. Wata likita a Jami'ar Washinton da ke Siyatil, Barbara Goff, ta je ta tambayi masu ciwon da kansu. A binciken da ta wallafa a shekarar 2000, mata 1,725 suka amsa, kashi 95 cikin 100 suka ce sun ji wani abu ya sauya a jikinsu kafin a gano cutar. Da yawansu an sallame su da cewa ciwon hanji ne, ko damuwa ce, ko babu komai. Abin da suka ji bai wuce kumburin ciki da ba ya saɓewa ba, da ƙoshi bayan loma kaɗan, da ciwon mara, da yawan matsuwar fitsari. Kowace mace ta taɓa jin irin wannan. Abin da Goff da abokan aikinta suka ce a duba shi ne ko sabon abu ne da bai kai shekara ba, kuma yana zuwa fiye da sau 12 a wata.

Duk wanda ya san gidajenmu ya san sunan da za a ba waɗannan alamomi. Olsa ce, basir ne, sanyi ne. A sayo magani a kemis, a jiƙa sassaƙe, in cikin ya ci gaba da tasowa ga wadda al'ada ta ɗauke mata tuni, a fara zancen sammu. Gaskiya ne alamomin sukan bayyana bayan cutar ta fara yaɗuwa, don haka gane su ba ya nufin an kama ta tun tana ƙarama. Amma akwai tazara mai yawa tsakanin matar da ta shigo asibiti da ƙafarta, tana da ƙarfin jure babbar tiyata, da wadda aka kawo ranga-ranga, ciki cike da ruwa, jiki ya ƙare. Mace da ta haura shekara hamsin, ba ta taɓa ciwon ciki ba, sai ga shi ya zo ya zauna mata sati uku, likita ya kamata ya gan ta, a yi mata sikanin na mara.

Tushen magani bai sauya sosai ba cikin shekara talatin da suka wuce: tiyata, sai kemo. A tiyatar ana cire gidan ƙwai biyu da bututunsu da mahaifa da kitsen da ke lulluɓe da hanji, da duk wani ƙari da ido ya gani, wani lokaci har da yankin hanji. Bincike bayan bincike ya nuna cewa babu abin da ke ƙara wa mace kwana kamar a rufe cikin ba a bar ko ɗigon ƙari da ido ke gani ba, shi ya sa hannun da ya yi aikin yake da muhimmanci ƙwarai. Kemo kuwa asalinsa dace ne. A shekarar 1965 Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Mishigan yana gwajin lantarki a kan ƙwayoyin cuta, sai ya ga sun daina rabuwa, ashe wani sinadari ne da ke narkewa daga ƙarfen filatinam na na'urarsa. Daga nan aka samu cisplatin, wanda Amurka ta amince da shi a 1978, sannan carboplatin, wanda ya fi sauƙi ga ƙoda. A 1992 aka amince da paclitaxel, wanda aka fara samu daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka. Har gobe carboplatin da paclitaxel ake bayarwa, yawanci zagaye shida, sati uku-uku. Mafi yawan mata suna samun sauƙi sosai, ƙarin ya narke. Sai dai cikin waɗanda cutar ta riga ta yi nisa, wajen kashi 70 cikin 100 takan dawo musu kafin shekara uku.

Gwajin da bai ceci rai ba

Ganin haka, kowa ya ce a nemo hanyar gano ta da wuri. A 1981 Robert Bast da Robert Knapp a birnin Bostan suka gano wani sinadari da ke ƙaruwa a jinin yawancin masu cutar, aka sa masa suna CA-125. Aka ɗora masa buri mai yawa: a riƙa auna shi duk shekara, a haɗa da sikanin, a kama cutar tun tana jaririya.

Amurka ta gwada a kan mata 78,216. Sakamakon ya fito a 2011, mutuwa ba ta ragu ba. Sai ma illa da ta biyo baya: mata 3,285 gwaji ya nuna kamar suna da cutar alhali ba su da ita, aka yi wa 1,080 daga cikinsu tiyata, kashi 15 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suka gamu da matsala mai tsanani. Birtaniya ta yi nata, mafi girma da aka taɓa yi, ƙarƙashin Ian Jacobs da Usha Menon na wata jami'a a Landan. Tsakanin 2001 da 2005 aka ɗauki mata sama da 202,000 masu shekara 50 zuwa 74. Rabinsu ba a yi musu gwaji ba, kashi ɗaya cikin huɗu ana musu sikanin duk shekara, sauran kuma ana bin hawa da saukar CA-125 ɗin kowace mace da lissafin kwamfuta, maimakon jiran ya haye wani adadi. Aka bi su shekara 16. A watan Mayun 2021 aka sanar da sakamako. Gwajin jinin ya yi abin da aka so daga gare shi, an ƙara kama cutar a matakin farko, waɗanda ake kamawa a mataki na huɗu sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Amma adadin waɗanda suka mutu bai bambanta ba.

Masu binciken da suka ba da shekara ashirin na rayuwarsu ga wannan aiki sun fito sun faɗi abin da suka samu ba tare da kwaskwarima ba, kuma wannan abin girmamawa ne. Yau babu wata babbar hukumar lafiya da ke ba da shawarar a riƙa yi wa macen da ba ta da alama, ba ta kuma da tarihin cutar a danginta, gwajin CA-125 don neman sankara. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin ana sayar da gwajin a cikin jerin awon duba lafiya a manyan garuruwanmu kamar wani tabbaci. CA-125 yana hawa da ƙarin mahaifa, da juna biyu, da jinin al'ada, da ciwon hanta, da tarin fuka da ya kama ciki, wanda ba baƙo ba ne a asibitocinmu, yakan kuma zo da ruwa a ciki har ya yi kama da sankarar. A ɗaya gefen, wajen rabin masu cutar a matakin farko jininsu ba ya nuna komai. Amfaninsa na gaskiya yana ga macen da ta zo da alama, da kuma bin yadda magani ke aiki ga wadda aka riga aka tabbatar tana da cutar.

Me ya sa kamawa da wuri bai hana mutuwa ba? Amsar ta fito ta wata hanya dabam, ta hanyar iyalan da cutar ke bi gida-gida.

Gado

A 1990 Mary-Claire King ta Jami'ar Kalifoniya ta nuna cewa akwai wata ƙwayar gado a kan kuromosom na 17 da ke jawo sankarar nono a wasu zuri'o'i. A 1994 aka ware ta, ita ce BRCA1, shekara guda bayan haka aka samo BRCA2 a Ingila. Kowa yana da su, aikinsu gyaran zaren DNA in ya tsinke. Wadda ta gaji mai lahani ita ke cikin haɗari. Wani babban bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa zuwa shekara 80, mai BRCA1 mai lahani tana da kashi 44 cikin 100 na yiwuwar kamuwa da sankarar gidan ƙwai, mai BRCA2 kashi 17, alhali sauran mata bai kai kashi 2 ba. Duniya ta ji labarin nan ne ta bakin jarumar fim Angelina Jolie, wadda mahaifiyarta ta rasu tana da shekara 56 bayan fama da cutar, ita kuma aka cire mata gidan ƙwai da bututu a 2015.

Ba matsalar Turawa ba ce kaɗai. Olufunmilayo Olopade, likita 'yar Nijeriya da ke Jami'ar Shikago, ita da abokan aikinta na Ibadan sun auna mata 1,136 masu sankarar nono, suka wallafa a 2018 cewa kashi 7 cikin 100 suna ɗauke da BRCA1 mai lahani, kashi 4 kuma BRCA2. Adadin ya fi abin da aka saba gani a Turai. Gwajin gadon yana da tsada, yana kuma wuyar samu a wajenmu, amma tambayar dangi kyauta ce. Gado ne da ke zuwa ta uwa, yana kuma zuwa ta uba daidai wa daida, kowane ɗa ko 'ya yana da rabin yiwuwar ɗauka. Saboda haka ciwon da ya kashe gwaggo yana da nauyi ɗaya da wanda ya kashe inna. Mu mutane ne masu riƙe salsala, mace za ta lissafo kakanninta har hawa huɗu, amma in aka tambayi abin da ya yi ajalinsu sai a ce ciwon ciki ne, ko a ce kwana ne ya ƙare. Kunyar ambaton ciwon daji tana ɓoye wa 'ya'ya mata labarin da zai iya tsare su.

Daga ilimin BRCA abu biyu suka fito. Na farko magani ne. A 2005 ƙungiyoyi biyu a Ingila, ta Alan Ashworth a Landan da ta Thomas Helleday a Shefil, suka nuna wata dabara. Ƙwayar jiki tana da hanyar gyara fiye da ɗaya: BRCA na gyara zaren da ya tsinke gaba ɗaya, wani sinadari mai suna PARP na gyara ƙananan tsagewa. Ƙwayar sankara a jikin mai gadon ta rasa BRCA kwata-kwata, lafiyayyun ƙwayoyinta kuwa suna da sauran kwafi ɗaya mai aiki. In aka toshe PARP, ƙwayar sankarar ba ta da sauran madogara, sai ta mutu, lafiyayyar ta tsira. Haka aka samu olaparib, ƙwayar sha da Turai da Amurka suka amince da ita a Disambar 2014. A gwajin da aka wallafa a 2018, mata 391 masu lahanin BRCA da suka gama tiyata da kemo, aka ba wasu olaparib har shekara biyu, wasu ƙwayar da babu magani a ciki. Bayan shekara bakwai, kashi 67 cikin 100 na masu olaparib suna raye, na ɗaya rukunin kashi 46.5. A cutar da aka saba auna nasara da watanni, wannan babban abu ne.

Sai dai a san iyakarsa. Yana jawo ƙarancin jini da kasala, a wasu 'yan kaɗan har sankarar jini. Kuɗinsa dubban daloli ne a wata. Ɗan'uwansa niraparib, da aka gwada a kan mata masu lahanin da marasa shi, ya jinkirta dawowar cutar, amma lissafin ƙarshe na 2024 bai nuna ya ƙara tsawon rai ba. Ga waɗanda kemon filatinam ya daina yi wa aiki, an samu mirvetuximab, wanda ke manne wa wata alama a jikin ƙwayar sankara ya kai mata guba har ciki. A gwajin mata 453 ya kai matsakaicin rayuwa wata 16 da rabi, kemo na yau da kullum kuwa bai kai wata 13 ba. Ƙarin wata uku zuwa huɗu ke nan, tare da matsalar ido. Ga iyalin da ke zaune bakin gado ba ƙaramin abu ba ne, amma ba waraka ba ce.

Bututu

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farkon nauyi, ya fito ne daga ɗakin duba nama. Tun da aka fara cire wa masu gadon gidan ƙwai da bututu don rigakafi, sai likitoci suka samu abin da ba su taɓa samu ba: gaɓoɓin mata masu haɗari tun cutar ba ta bayyana ba. Suka duba gidan ƙwan, ba su ga mafarin komai ba. A 2001 Jurgen Piek da abokan aikinsa a Amstadam suka duba bututun mata 12 masu gadon a madubin likita, suka ga ƙwayoyin da suka fara lalacewa a na mata shida. Christopher Crum a Bostan ya fito da tsarin yanka bututun sala-sala tun daga farko har ƙarshe, sai ga ƙananan mafarin sankara a jikin gezar bakinsa, a masu gadon da ma waɗanda ba su gada ba. Ashe nau'in da ya fi yawa, wajen kashi 70 cikin 100 na cutar, wanda kuma ya fi kisa, yawanci a bututu yake farawa. Shekara da shekaru an bar jaki ana dukan taiki.

Wannan ya warware abin da ya ɗaure wa masu gwajin Birtaniya kai. Mafarin cutar ɗan tabo ne da sikanin ba ya gani, jini ba ya nunawa. Bakin bututun kuma a buɗe yake cikin ciki, ƙwayoyin na iya zubowa kan gidan ƙwai da fatar ciki tun ƙarin bai kai a gan shi ba. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun ƙiyasta a 2017 cewa tsakanin tabon farko a bututu da sankara a gidan ƙwai akwai wajen shekara bakwai, daga nan kuma yaɗuwa ba ta ɗaukar lokaci. Ana ta ƙoƙarin ƙirƙiro gwajin da zai tsinci ɓurɓushin DNA na sankara a jini ko a ruwan mahaifa cikin waɗannan shekaru, amma babu wanda ya nuna yana rage mutuwa tukuna.

Likitocin lardin Biritish Kolombiya na Kanada, ciki har da Dianne Miller da David Huntsman, ba su tsaya jiran gwaji ba. A Satumbar 2010 suka roƙi likitocin mata na lardin da abu mai sauƙi: duk matar da za a cire wa mahaifa saboda wata larura, a haɗa da bututun, a bar mata gidan ƙwanta. Wadda ta zaɓi a tsayar mata da haihuwa, a cire bututun maimakon a ɗaure shi. Gidan ƙwai shi ke samar da sinadaran mace, tunda an bar shi, ba a jefa ta cikin ɗaukewar al'ada ba. Aikin ya ƙaru da minti 10 zuwa 16, matsalolin tiyata ba su ƙaru ba. A 2022 Gillian Hanley ta fitar da lissafi: mata 25,889 aka cire wa bututu, bisa ƙiyasi ana sa ran biyar su kamu da mugun nau'in, ba a samu ko ɗaya ba. Cikin mata 32,080 da aka bar wa bututunsu an samu 15. Shekarun da aka bi su ba su da yawa, ba kuma ta ƙuri'a aka raba su ba, shi ya sa ake jiran wani gwaji da ake yi a Suwidin. Duk da haka manyan ƙungiyoyin likitocin mata a Kanada da Amurka da Turai sun riga sun karɓi shawarar. Masu lahanin BRCA su kam har yanzu ƙa'ida ita ce a cire bututu da gidan ƙwai duka, mai BRCA1 tsakanin shekara 35 da 40, mai BRCA2 tsakanin 40 da 45, yayin da ake gwada cire bututu tukuna a Holan da Amurka.

Akwai kariyar da aka sani tun kafin wannan. Masu bincike a Jami'ar Oksfod sun haɗa bincike 45 daga ƙasashe 21 a 2008, suka samu cewa kowace shekara biyar ta shan ƙwayar tazarar haihuwa tana rage haɗarin da wajen kashi 20 cikin 100, kariyar kuma tana kaiwa shekara 30 bayan an daina. Ƙwayar tana da nata haɗari, kamar daskarewar jini, don haka ba a shanta sai da shawarar likita. Haihuwa ma tana ragewa, shayarwa kuma wani bincike na 2020 ya danganta ta da raguwar kashi 24 cikin 100. Matanmu masu haihuwa da yawa, masu kai yaro kusan shekara biyu kafin yaye, suna da rabonsu a nan. Raguwa ce dai, mai 'ya'ya goma ma tana kamuwa.

Cire bututu ba abin wasa ba ne a al'ummar da haihuwa ke da matsayin da take da shi. Ba ya komawa. Aure kan mutu, miji kan rasu, mace ta sake wani gidan tana son ɗa, kuma iyalai da yawa sai sun ji ta bakin malamai kafin su yarda da tsayar da haihuwa gaba ɗaya. Babu wanda ya isa ya yanke wa mace wannan hukunci tana kwance a gadon tiyata. Amma akwai rukunin da wannan tambaya ba ta taso musu ba sam: matan da za a cire wa mahaifa saboda ƙari ko zubar jini, aikin da asibitocinmu ke yi kullum. Da zarar mahaifa ta fita, bututun ba shi da sauran aiki, sai haɗarin da yake ɗauke da shi. Cire shi ba ya buƙatar sabuwar na'ura ko maganin ƙasar waje.

Idan an sa miki ranar cire mahaifa, ko an sa wa mahaifiyarki ko yayarki, ku tambayi likita tun a ɗakin ganawa ko zai haɗa da bututun biyu ya bar gidan ƙwai. Ku kuma gaya masa duk wanda ya taɓa sankarar nono ko ta gidan ƙwai a dangi, ta wajen uwa da ta wajen uba.